Tauraron ɗan'adam ma a kan injin tur ake fere shi

Ranar 16 ga Agusta, 2024, wata rokar kamfanin SpaceX ta tashi daga sansanin Vandenberg da ke Kalifoniya a Amurka, ɗauke da taurarin ɗan'adam sama da 100. A cikinsu akwai na farko da ƙasar Senegal ta mallaka, GaindeSAT-1A. Gainde da harshen Wolof zaki ke nan. Injiniyoyin Senegal ne suka haɗa shi tare da cibiyar sararin samaniya ta jami'ar Montpellier a Faransa. Zakin nan kuwa ɗan akwati ne, santimita 10 ta kowane gefe, mutum zai iya ɗora shi a tafin hannu.

An sha magana a kansa a rediyo da Facebook, har a nan Zongon Kwatano. Wasu suka yi ta yabon Senegal, wasu suna tambayar yaushe Benin za ta harba nata. Duk hirar a kan roka da kwamfuta da manyan digiri ta tsaya. Ban ji wanda ya tambayi wa ya yanka ƙarfen akwatin ba.

Tambayar ba ta wasa ba ce. Irin waɗannan ƙananan taurari, da ake kira CubeSat, suna da ƙa'idar ƙira guda ɗaya da wasu malaman jami'a biyu a Kalifoniya suka shimfiɗa tun 1999. Faɗin akwatin milimita 100 ne, kuskuren da aka yafe wa maƙeri bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, sama ko ƙasa. Dalili shi ne a cikin wani bututu mai kusurwa huɗu ake zura shi, idan an kai sama sai sifirin ya turo shi waje. In ya yi kauri ya maƙale, kuɗin da aka kashe sun tafi a banza. In ya yi siriri ya dinga karo da bangon bututun lokacin tashi har wani abu ya karye a cikinsa. Wanda ke fitar da wannan awon daidai ba masanin taurari ba ne. Abokin sana'ar mai tur ɗin nan ne da muke kai wa ƙarfen babur ya fere mana.

Ni malamin firamare ne, ajin CM2 nake riƙewa. Kowace shekara ina zana wa yara jadawalin awon tsawo a allo, daga kilomita har zuwa milimita, kuma a milimita littafinmu ya tsaya. Sana'ar da nake magana a kanta daga nan ta fara. Ka raba milimita ɗaya gida 1,000, kowane gida sunansa mikiron. Kaurin gashin kan mutum kamar mikiron 70 ne. A masana'antar da ke yin sassan tauraro, akwai wuraren da ake jayayya a kan mikiron 10 ko ƙasa da haka.

Aikin kansa kashi-kashi ne. Akwai mai tur, wanda injinsa ke juya ƙarfe shi kuma yana matso da wuƙa tana ferewa, da haka ake samun duk abin da ke zagaye. Akwai mai firez, wanda a nasa injin ƙarfen a ɗaure yake, wuƙar ce ke juyawa tana sassaƙar fuska da rami da lungu. Yanzu yawancin injinan nan kwamfuta ke tuƙa su, su ake kira CNC, amma sai mutum ya rubuta mata hanyar da wuƙa za ta bi, ya zaɓi wuƙar, ya san gudun da ƙarfen zai jure. Sai kuma wanda ni na fi ganin girmansa, wato mai ƙera kayan aikin su kansu: maɗaurin da zai riƙe ƙarfe ba tare da ya lanƙwasa shi ba, ma'aunin da za a gwada sauran da shi, shimfiɗar da za a ɗora tauraro a kai a haɗa shi. Abin da ya ƙera ba ya zuwa sama, amma duk abin da zai je sama ta hannunsa yake bi. A sama da su akwai injiniyan da ke tsara yadda za a yi aikin daga farko har ƙarshe, a ƙarshen layi kuma akwai mai awo, wanda in ya ce a'a, magana ta ƙare.

Me ya sa ake wannan tsanani? Saboda sama ba ta da gareji. Tauraron da ke kawo mana tashoshin talabijin ta farantan da ke kan rufin gidajenmu yana can nesa, kimanin kilomita 36,000, kuma ana so ya yi shekara 15 yana aiki babu mai ɗaura masa noti. Kafin ya kai can sai ya sha girgizar roka. Wanda ke kusa da ƙasa kuma yana zagaya duniya cikin kimanin minti 90, yana shiga rana yana shiga inuwa, ƙarfensa na buɗewa yana tsukewa sau 16 a yini. Ga rashin iska, wanda ke da nasa abin mamaki: ƙarafa biyu masu tsabta in suka gogi juna a can suna iya mannewa kamar an yi musu walda, ba wuta ba komai. Shi ya sa ake yi wa gefunan CubeSat wata fata mai tauri kafin a zura shi a bututu. Har ramin noti ana lura da shi. In ramin bai ɓulle ba, iskar da ta maƙale a gindinsa za ta dinga fita a hankali tana ɓata wa na'urori aiki, don haka akan huda notin da kansa ta tsakiya. Nauyi kuma kuɗi ne, kowane giram ana biya. Za ka ga an ɗauki dunƙulen alminiyum, dangin wanda ake zuba tukunyar dalma da shi amma mai inganci, an rarake shi har mafi yawansa ya koma ɓarɓashi, abin da ya rage kamar saƙar zuma.

Maƙwabciyarmu Najeriya ta ga abin da ke faruwa in wani sashe ya ƙi. A watan Mayun 2007 aka harba NigComSat-1 daga ƙasar Sin, wadda ita ta ƙera shi, da niyyar ya yi shekara 15. A watan Nuwamban 2008 matsala ta taso a fuka-fukansa masu tara hasken rana, wuta ta ƙare masa, ya mutu yana da wata 18 kacal. Sai a Disambar 2011 aka harba NigComSat-1R a madadinsa.

Amma labarin da na fi so in ba masu sana'a shi ne na Hubble, babbar na'urar hangen nesa da Amurka ta harba a watan Afrilun 1990. Madubinta faɗinsa mita 2.4 ne, an shafe shekaru ana goge shi. Da aka kai sama hotuna suka fara zuwa, sai aka ga dishi-dishi. Bincike ya nuna gefen madubin ya kauce da kimanin mikiron 2, abin da ido ba zai taɓa gani ba. Masu gugar ba su yi kasala ba. Ma'aunin da suke gwada madubin da shi ne aka haɗa ba daidai ba: wani gilashi a cikinsa ya gusa da milimita 1.3. Da masu haɗawa suka ga tazara ta ƙi zama, sai suka cusa 'yan zobban ƙarfe, irin rondel ɗin da makanikai ke sawa a ƙarƙashin noti, suka cike gurbin. Daga nan aka goge madubi tsaf, daidai da ma'aunin da ke ƙarya. Wasu ma'aunai biyu sun nuna akwai matsala, aka ƙi saurarensu don an fi yarda da na farkon. Sai a Disambar 1993 aka tura 'yan sama jannati suka sa wa na'urar wani abu mai kama da tabarau. Duk makanikin da na ba wannan labari sai ya yi dariya, don ya san hannun da ke cusa rondel. Kullum muna yi.

Akwai wani dattijo mai tur da ba shi da nisa da unguwarmu. Injinsa ya girme ni. 'Yan zemijan da masu injin niƙa da masu janareto ba sa rabuwa da ƙofarsa. Na taɓa zama na kalle shi yana fere wani zobe da zai shiga cikin ƙafar babur. Ya ɗan fere, ya tsayar da inji, ya gwada, ya ɗan ƙara. Daga ƙarar wuƙa kaɗai yake gane ta dakushe. Na ce masa, "Baba, in na kawo maka zane a takarda, ban kawo ƙarfen da zoben zai shiga ba, za ka yi?" Ya ce, "Mushe, kawo ƙarfen dai. Takarda ai taku ce."

Gaskiyarsa ya faɗa, kuma a nan ne duk matsalar take. Hannun da ke wurin dattijon nan ba a makaranta ake samunsa ba, injiniyoyi da yawa ba su da rabinsa. Amma aikinsa na "kawo in gwada" ne. Sashen tauraro kuwa ana yin sa a wata ƙasa, abokin haɗinsa a wata ƙasar, waɗanda suka yi su ba su taɓa ganin juna ba, kuma ranar da aka haɗa dole su zauna. Abin da ya haɗa su zane ne da lamba. Sai mutum ya iya karanta zanen injiniya, ya san alamomin da ke cewa nan santsi kaza, nan kuskure kada ya wuce kaza. Sai ya iya riƙe piye-a-kulis da mikiromita ya karanta su ba da ka ba. Sai ya rubuta abin da ya yi: daga wane dunƙule aka yanko ƙarfen, wa ya auna, da wane ma'auni, yaushe aka duba lafiyar ma'aunin. A wannan masana'anta, sashen da ba shi da takardarsa ba ya hawa roka, ko da ya fi kowanne kyau.

Har zafin ɗaki yana cikin lissafi. Ƙa'idar duniya ita ce a yi awon ƙarfe a zafin digiri 20. Alminiyum yana ƙara kimanin mikiron 23 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. To ka ɗauki sanda mai mita ɗaya a shagon kwano a Kwatano da rana tsaka, zafi digiri 30: ta ƙara kusan rubu'in milimita ba wanda ya taɓa ta. Wannan lissafin ɗan aji uku na kwaleji zai iya yin sa. Yaron da aka cire daga makaranta a CE2 aka kai gareji ba zai iya ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Kada in yaudari kowa: babu masana'antar tauraron ɗan'adam a Benin. Manyan wuraren aikin suna Toulouse da Cannes a Faransa, da Amurka, da Sin, da Indiya. Intanet ɗin Starlink da ya shigo Benin a ƙarshen 2023, taurarinsa a jihar Washington ake ƙera su, dubbai. A Afirka kuwa, inda sana'ar ta kafu sosai shi ne yankin Cape a Afirka ta Kudu. Ɗaliban jami'ar Stellenbosch ne suka ƙera SUNSAT da aka harba a 1999, daga baya kamfanoni irin su CubeSpace da NewSpace Systems suka taso a yankin. Ba roka suke yi ba. Ƙananan sassa suke yi suna sayar wa duniya, ciki har da wani faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa dubban zagaye a minti, wanda da shi tauraro ke juya fuskarsa inda ake so. Duk wanda ya taɓa kai tayar mota a daidaita mata nauyi ya san abin da ake nufi: in gefe ɗaya ya fi nauyi ko kaɗan, sai rawa. Wannan faifan aikin tur ne.

Najeriya ta bi wata hanyar. Ta kafa hukumar NASRDA a 1999, ta harba NigeriaSat-1 a Satumbar 2003, wanda kamfanin Surrey na Ingila ya ƙera tare da horar da injiniyoyinta. A Agustan 2011 aka harba NigeriaSat-X, wanda 'yan Najeriya ne suka haɗa shi da hannunsu, abin alfahari ne ƙwarai. Amma a Ingila suka haɗa shi, a bitar Turawa, da kayan aikin Turawa. Haka ma GhanaSat-1 da NigeriaEduSat-1 na 2017, a wata jami'ar Japan aka yi su. A ganina wannan shi ne darasin da shugabanninmu ba su cika son ji ba. Tura mutum 20 su yi digiri a waje abu ne mai sauƙi. Samar da ɗaruruwan masu tur da masu awo da za su tare su in sun dawo, wannan aikin shekaru ne, kuma ba a yanka masa kyalle a talabijin. An buɗe hedikwatar hukumar sararin samaniya ta Afirka a Alƙahira a watan Afrilun 2025. Madalla. Sai dai ofis ba ya fere ƙarfe.

To, mu a Zongo me ya shafe mu? Mu jikokin fatake ne. Girman mutum a wurinmu shago ne a Dantokpa, ko canji, ko fiton kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa arewa. Ban raina wannan ba, da shi aka ciyar da mu aka yi mana karatu. Amma kowa ya ga abin da ya faru da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, kowa kuma ya ga yadda hanyar Malanville da Gaya ta koma tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Gidaje nawa ne tukunyarsu ta yi sanyi saboda shawarar da aka yanke a Abuja ko Yamai? Sana'ar da duk arzikinta ke rataye da buɗewar iyaka, ba daidai ba ne a ce ita kaɗai za mu gadar wa 'ya'yanmu.

Kuma ƙira ba baƙuwarmu ba ce. A ƙasar Hausa akwai Sarkin Maƙera, akwai maƙeran baƙi masu garma da lauje, akwai maƙeran fari masu azurfa da tagulla. Wanda ya je Panteka a Kaduna ko Suame Magazine a Kumasi ya san abin da masu aikin ƙarfe ke fitarwa da tsofaffin injina. Abin da ya faru shi ne mun raba 'ya'yanmu gida biyu. Mai ƙoƙari a aji, a ce ya yi ta karatu ya zama likita ko ya shiga duwan. Wanda karatu ya ƙi, a kai shi wurin patron ya koyi aiki. Sai mai lissafi ya tashi bai taɓa riƙe magagari ba, mai magagari kuma bai iya raba goma gida uku a takarda ba. Sana'ar nan kuwa mutum ɗaya take nema mai duka biyun. Na sha ganin uba ya ɓata rai don na ce ɗansa mai ƙwaƙwalwa ya dace da lise teknik. Sai ya ɗauka na zage shi ne.

Hanyar tana nan, ba a ɓoye take ba. Bayan BEPC yaro na iya shiga makarantar fasaha, irin Lycée Technique Coulibaly da ke nan Kwatano, ya nemi ɓangaren ƙere-ƙeren inji, wanda a bakaloriya ake kira F1. Daga nan akwai EPAC a jami'ar Abomey-Calavi, wadda ke da sashen injiniyancin inji, akwai kuma INSTI a Lokossa. Wanda ya riga ya shiga bita tun yana ƙarami, shi ma ƙofa ba ta rufe ba. Tun 2005 gwamnati ta shigo da takardun CQP da CQM. Ta farkon tana haɗa aikin wurin patron da darasi a cibiyar horo, ta biyun jarrabawa ce da ke tabbatar da abin da yaro ya koya a bita. Da yawa daga cikinmu har yanzu bikin liberasiyon kaɗai muka sani: a tara kuɗi, a yi anko, a ci a sha, patron ya sa albarka. Albarkar patron abu ce mai kyau, amma kamfani takardar gwamnati yake tambaya. Gwamnati kuma ta ce burinta nan da 2030 kashi 70 cikin 100 na ɗalibai su kasance a fannin fasaha da sana'a. Ko za a kai ko ba za a kai ba, kuɗin gine-gine da kayan aiki can suka nufa, kuma in ba mu tura namu ba, wasu za su cike kujerun.

Abu biyu zan ƙara da na san suna kayar da yaranmu. Na ɗaya takardar haihuwa. Duk shekara sai na yi fama da iyayen da ba su tuna da ita sai an zo rajistar CEP. Na biyu harshe. Da Faransanci ake karatun, amma littattafan injinan CNC da ƙa'idojin masana'antar sararin samaniya galibi da Ingilishi suke. A nan muna da sa'ar da ba mu lura da ita ba: yaron Zongo da ke da dangi a Legas ko Kano ko Akara ya riga ya fara jin Ingilishi tun a gida. 'Yan mata ma kada a ce ba nasu ba ne. Injin da kwamfuta ke tuƙawa ba ya neman ƙarfin damtse, ɗakin awo kuma natsuwa yake so.

Wani zai ce, Malam, duk wannan wahala don tauraron da ba a yi a ƙasarmu? Ai ba sai an jira tauraro ba. A Glo-Djigbé, kimanin kilomita 45 daga nan, an kafa masana'antun saƙa da na sarrafa kaju, cike da injinan da aka shigo da su daga waje. Ga tashar jirgin ruwa, ga kamfanonin siminti, ga injinan gurzar auduga a arewa. Kowane ɗayansu akwai ranar da wani ɗan ƙarfe zai cinye, a tsaya ana jiran a aiko da shi daga Indiya ko Turai. Wanda zai iya auna tsohon, ya zana shi, ya fere sabo daidai da lamba, ba zai rasa abinci ba. Zanen da yake karantawa da ma'aunin da yake riƙewa, su ne dai na Toulouse da Stellenbosch. Cikin yara ɗari wataƙila ɗaya ne zai kai can. Sauran casa'in da tara ba su yi asara ba.

Ga iyayen da za su duba makaranta idan sakamakon BEPC ya fito: kada ku tsaya a ofishin darakta. Ku ce a kai ku bita. Ku ƙirga injinan tur nawa ne, nawa ne ke tashi a cikinsu, yara nawa ke layi a kan guda ɗaya. Ku tambaya ko akwai CNC, in akwai, ɗalibai na taɓa shi ko an lulluɓe shi da leda sai baƙi sun zo. Ku dubi ƙasan injin. In kun ga ɓarɓashin ƙarfe sabo, ana aiki a wurin.